Tambaya ta Bakwai

Jibi da asuba zan hau motar Yamai,
inda mutum uku za su zauna bayan tebur
su taɓa ni da tambaya, kamar mai taya rago,
su ga ko nama ne ko gashi,
kafin su ba ni kujera a makarantar kasuwanci.

Amsa goma sha biyu na rubuta,
na goge su da Faransanci har suna ƙyalli.
Na maimaita gaban madubi, na maimaita bakin famfo,
har Rabe ƙanena ya haddace,
yana karanta wa awaki da muryata.

Daren jiya wuta ta ɗauke a unguwar Zariya.
Muka fito tsakar gida.
Gwaggo Tsahara na murza ƙuli-ƙuli kusa da murhu,
ta ce, "Barira, zauna can, ni ce alƙalin.
Rabe, kai ne tafinta."

Ta ɗaya na wuce, ta biyu na wuce,
sunana, karatuna, burina na shekara biyar.
Gwaggo na jefa ƙuli cikin mai, ba ta ɗago ba.
Sai ta bakwai:
ba mu labarin ranar da kika faɗi.

Na gyara zama na zuba abin da na tanada,
cewa aibina son aiki ya fita tsaf,
cewa ba na barci in lissafi bai daidaita ba.
Rabe ya juya mata da Hausa.
Ta yi dariya har matsami ya kuɓuce mata.
"Wannan faɗuwa ce ko kwalliya?
Ina waken bara waccan?"

Na yi shiru. Mai na ƙara a kasko.

Buhu tara ne.
Na saye su a Tibiri da kaka, wake na araha,
da kuɗin adashi da ƴan kunnena na zinariya.
Aka ce in sa a buhu mai leda ciki, mai hana iska.
Na lissafa, na ga jikka guda kan kowane,
na ce ni da na yi boko ba za a ci ni ba.
Na zuba a buhun banza, na kulle shago,
ina jiran bazara ta ninka mini.

Bazara ta zo. Na kwance bakin na farko,
ƙwari suka taso mini kamar hayaƙi.
Kowace ƙwaya da tagarta.
Garin neman gira, ido ya tafi.

Kwana biyu ban ci tuwo ba.
Na uku na ɗauki hayar amalanke,
na bi gidajen masu kiwon jajayen awaki,
tiya tiya, a kuɗin dusa,
har na tsira da kashi ɗaya cikin uku.
Matan adashi kuwa wata bakwai ina biyansu,
ba wadda ta zo ƙofarmu sau biyu.

Gwaggo ta tsame ƙulin, ta ce,
"To, ga amsa kin binne, kin fito da hoda.
Wanda bai taɓa asara ba, me zai tsare wa mutane?
Ni ba na ba shi ajiyar ko dala."

Yau na yage shafi na bakwai.
Ina zaune da ƙamus, ina neman
yadda ake cewa ƙwaron wake da Faransanci,
da yadda zan faɗe shi muryata ba ta rawa.

Rigata na rataye, Rabe ya kai ta guga.
Gwaggo ta ɗaure mini ƙuli a leda don hanya,
na sa hannu zan karɓa, ta janye.
"Dala ashirin," in ji ta.
"Kasuwa ba ta san gwaggo ba."